Masu Wanke Kwamfuta: Wata Ƙaramar Sana'a Tsakanin Gazawa da Gidan Rumji

Mai gyaran kwamfuta a ƙasar Maraɗi ba ya buƙatar a gaya masa ta inda na'ura ta biyo. Da ya ɗaga murfinta ya dubi layin farko na baƙaƙe, ya gama sanin labarinta. In ya ga Q, W, E, R, T, Y a jere, galibi ta Kano ta zo, kafin Kano Legas, kafin Legas kuma wani ofis a Ingila ko Amurka. In kuwa A, Z, E, R, T, Y ne, Faransa ko Beljiyam ta baro, ta sauka Kwatano ko Lome, ta sha doguwar hanya cikin kaya. Wata sa'a a ci karo da wadda Z ya zauna mazaunin Y, wannan ƴar Jamus ce. Kan caja ma shaida ne: mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila da Najeriya ba ya shiga bangon Nijar sai da mahaɗi, mai ƙafa biyu zagayayyu shi ne ɗan gida.

Ana kunna na'urar sai ta yi gaisuwa da harshen da ba na sabon mai ita ba, wani lokaci ta tsaya kai da fata sai an ba ta kalmar sirrin wani ma'aikacin da ba wanda ya taɓa ganinsa. Don haka kafin a buga harafi ɗaya da ita, sai an kai ta an wanke. Ƴan lakkwal su ce a yi mata formate. A share duk abin da ke rumbunta, a zuba mata sabuwar babbar manhaja, wadda a nan kusan kullum Windows ce. Kamar allon almajiri ne: a wanke, a shanya, a sake rubutu, itacen kuwa shi ne dai.

Sana'ar ba ta da sarki kamar ƙira ko fawa, ba a gadonta, kuma shekarunta ba su wuce ashirin da ƴan kai ba. Hanyoyin da take bi ne suka tsufa.

Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Da Ingila da Faransa suka ja layin iyaka ta yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, sai suka bar dangi ɗaya ƙarƙashin kuɗi biyu, harshen mulki biyu da dokar kwastan biyu. Bambancin nan shi ya zama jarin fataken Maraɗi. Gyaɗar yankin ta daɗe tana gangarawa Kano ta hau jirgin ƙasa, har Faransa ta fara karkatar da ita ta Dahome a 1953. Da farin farkon shekarun 1970 ya karya gyaɗa, alhazan Maraɗi suka koma shigo da taba da atamfa ta Kwatano, su tsallakar da su Najeriya, su dawo da mai da taki da kayan masarufi. Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kansu a 1986. Daga baya motocin hannu suka bi sahu, da kayan bosho, da firji, da talabijin. Kwamfutar hannu ba ta buɗe wata sabuwar hanya ba, ta tarar da hanya a share ne ta bi.

Gundumomin Gidan Rumji, Agiye da Gazawa kuma a kan hanyar suke. Babban titin ƙasa mai lamba 1, wanda ya taso daga Yamai ya nufi Damagaram, ya ratsa Gidan Rumji, ya wuce ta gefen Maraɗi, sannan Cadawa, Agiye, Gazawa, ya shige Tasawa. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba. A ƙidayar 2012 gundumar Gidan Rumji ta haura mutum 500,000, Agiye na da kusan 246,000, Gazawa kuwa, wadda aka yanke daga Agiye a 2011, tana da kimanin 160,000. Mutane ne manoman hatsi da wake da aya, kuma ko yau ba kowane gida ne ke da abin yi da kwamfuta ba.

Akwai abin da Gazawa ta fi maƙwabtanta da shi a wannan labari, wato wuta. Layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina a Gazawa yake sauka, daga tashar nan ake raba shi, reshe ya yi Maraɗi, reshe ya yi Damagaram. Tun shekarun 1990 da wannan layi tsakiyar ƙasar ke samun kuran. Amma wucewar waya ta saman ƙauye ba ita ce wuta a ɗaki ba; a Nijar baki ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Wannan shi ya yanke hukunci tsakanin kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka. Ta tebur na mutuwa nan take da an ɗauke wuta, ta tafi da aikin da ba a adana ba. Ta tafi-da-gidanka na da batir, ko da ya gaji yana ba mutum ƴan mintunan da zai rufe aikinsa, ana kuma iya goya ta a babur a kai ta inda ake caji da hasken rana.

Kafin kwamfuta, rubutun hukuma na hannun sakatare da tafiretansa, da mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya ko ƙofar kotu. Takardun jarrabawa a kan sitansil ake buga su a murza. Intanet ta iso Yamai a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ta hannun kamfanin SONITEL, wayar salula ta biyo baya a 2001 da Celtel. A garuruwa irin su Agiye, kwamfuta ta fi shigowa ta ƙofar furoje. Asusun raya noma na FIDA ya daɗe yana aiki a gundumar, kuma a shekarun 2000 shirinsa na PPILDA ya zauna cikin garin, yana aiki da ƙauyuka irin su Ɗan Saga da suka yi suna wajen raya itatuwa a gona. Irin waɗannan ofisoshi da sababbin na'urori suke zuwa, da ma'aikacinsu mai kula da su. Sai zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 ya kafa ofishin magajin gari 265 a faɗin ƙasa, kowanne da takardun haihuwa, da lissafin haraji, da rahoton da za a aika sama. Cadawa, Gangara, Cadakori, Gidan Sori, Saye Sabuwa, duk suka zama wuraren da ake buƙatar wanda ya iya buga takarda. Da aka buɗe jami'ar Maraɗi a 2010, wadda aka sa wa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, sannan jami'ar Maryam Abacha a 2013, sai ga ɗalibai masu kundin kammala karatu da za a buga, kuma kaɗan ne cikinsu iyayensu ke iya sayen sabuwa a kwali.

Nan ta hannu ta sami kasuwa. Manyan kamfanonin Turai da Amurka kan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku zuwa biyar, ba don sun lalace ba, don wa'adin haya ko garanti ya cika. Shi ya sa sunayen da suka cika teburan masu sayarwa ba sa canzawa: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, na'urorin ofis masu ƙarko da sauƙin kwancewa. Dillalai su tara su, su cika kwantena. Mafi yawa Legas suke sauka, su watsu a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, daga nan su hau mota zuwa titin Beirut da Farm Centre a Kano, inda ɗan Maraɗi ke zuwa da sefarsa ya canza naira ya saro.

Ba duk abin da ke cikin kwantena ne kaya ba. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas kowane wata, kuma masu sana'ar sun ce har kashi 75 cikin 100 na iya zama shara. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta tan 60,000 a shekara, da yawansu a cushe cikin motocin hannu, mafi rinjaye daga tashoshin Tarayyar Turai. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 an yi su ne don hana jibge wa Afirka shara mai guba, amma da wuya jami'in kwastan ya tsaya kunna na'ura dubu ɗaya bayan ɗaya. Tantancewar gaskiya a kan teburin mai gyara ake yin ta.

Su ma rumbunan ba kullum suke zuwa a share ba. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi rumbun kwamfuta a kasuwar Gana kan dala 40 na Amurka, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na kamfanin Northrop Grumman a ciki. Mai gyara na gari ba ya leƙa hoton iyalin wani, sharewa yake yi. Sai dai sharewar gaggawa da aka saba yi ba ta goge komai da gaske. Jerin sunayen kawai take cirewa, bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Malamin da zai sayar da tasa don ya biya kuɗin taki ya kamata ya san wannan.

Yadda ake aikin ya sauya sau biyu ko uku. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, komai na shiga faifan sidi guda mai megabait 700. Jarin mai gyara shi ne jakar faya-fayansa, kuma babban maƙiyinsa ƙurar hunturu, wadda ke kashe idon na'urar karanta faifai ta kuma karce faifan kansa. Aiki ya kai rabi sai ya tsaya, a fitar da faifai a goge a jikin riga a sake daga farko. Masu wayo suka koyi Norton Ghost: a shirya na'ura ɗaya tsaf, a ɗauki kwafinta, a riƙa zubawa cikin sauran. Windows 7 ta 2009 ta fi ƙarfin sidi, sai dibidi. Daga nan kile ta karɓi ragama, wadda ƴan Najeriya ke kira filash, musamman bayan fitowar ƙaramar manhajar Rufus a 2011, mai mayar da kile abin tayar da kwamfuta. Ventoy ta 2020 ta ƙara sauƙi, domin kile ɗaya na iya ɗaukar Windows iri uku ko huɗu, ta Faransanci da ta Ingilishi, mai gyara ya zaɓa.

Zaman yakan fara ne da tambaya guda, kuma duk rigimar sana'ar a kanta take: "Mushe, akwai abinka a ciki da kake so?" Mai kaya ya ce babu. Bayan kwana biyu ya dawo neman hotunan suna ko sakamakon ɗalibai na zangon da ya wuce. Shi ya sa wanda ya goge a aikin ba ya yarda da "babu", sai ya kwashe abin da ke ciki ya ajiye tukuna. Sannan ya soka kile, ya kunna, ya yi ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, har jerin zaɓi ya fito. Ya raba rumbun gida biyu, C na manhaja, D na kayan mai ita, don in an sake wankewa gaba, kuma za a sake, kada a taɓa D. Ya zaɓi harshe, kusan kullum Faransanci, domin da shi malamin lakkwal da sakataren magajin gari suka yi karatu. A nan ne ƴar Kano ke ba da wahala: manhaja ta Faransanci, madannai na Ingilishi, a danna Q a ga A. Ko dai a saita ta bi abin da ke rubuce, a rasa é da è da ç a kusa, ko a liƙa ƴan takardun baƙaƙe a kan madannan, ko mai ita ya haddace da yatsu.

Zuba Windows ɗin shi ne ƙaramin aiki. Bayansa na'ura kan farka ba sauti, ba ta ganin intanet, hoton allo ya kumbura, sai an nemo wa kowane sashe ƴar manhajar da ke tuƙa shi, abin da ake kira pilot. Sauke su daga intanet da kuɗin salula hasara ce, don haka kowane mai gyara na da rumbun waje da ya cika da su, sau da yawa tarin DriverPack na Rasha, wanda aka kwafo daga wani maigida a Maraɗi, shi ma ya kwafo daga Kano ko Yamai. Sai Word da Excel, sai VLC na kallon fim, sai abin karanta takardun PDF, sai ƙamus, sai Alƙur'ani in an nema, sai maganin birus. Smadav, wata ƴar manhaja daga Indonesiya, ta yi farin jini a nan saboda ta iya maganin cutar da ta fi addabar mutane, wadda ke bin kile tana ɓoye takardu ta bar gajerun alamu a madadinsu. Kile ɗaya da ta zaga wurin buga takardu da ofis da shagon tura fina-finai ta isa ta shafa wa gari guda.

Maganar lasisi kuwa, gaskiya ɗaya ce: kaɗan ne cikin waɗannan manhajoji aka saya. Abin takaicin shi ne da yawan na'urorin da halattaccen lasisinsu suke zuwa. Kafin 2012 yana rubuce a wata takarda da aka manna a ƙarƙashin na'ura ko cikin ramin batir; daga Windows 8 kuma a cikin ƙwaƙwalwar allon na'urar ake dasa shi, in aka zuba irin Windows ɗin da ta dace da shi, da kanta za ta gane shi. Mai gaggawa bai duba ba, sai ya zuba wata daban, ya bi ta da manhajar fasa makulli, wadda ita kanta wata sa'a da cuta take tafe. Ubuntu da sauran dangin Linux kyauta ne tun fil azal, kuma sun fi sauƙi ga tsohuwar na'ura, amma mai kaya Word ya sani, ita aka koya masa, ita zai tarar a ofis.

Masu kawo aiki ba ƴan boko ne kaɗai ba. Manyan abokan cinikin mai gyara su ne masu turi, samarin da ke zaune a tasha ko bakin kasuwa da kwamfuta ɗaya da lasifika, suna zuba wa mutane fina-finan Kano, da na Indiya masu fassarar Hausa, da wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Su ne magadan masu kwafar kaset na shekarun 1980 da 1990. Na'urar da kati ɗari ke shiga cikinta ranar kasuwa ba ta daɗewa ba ta kamu ba, don haka da yawansu suka koyi wankewa da kansu, daga nan suka fara yi wa wasu. Ta wannan ƙofa, da ta gyaran salula, yawancin masu sana'ar a ƙananan garuruwa suka shigo: yaro ya zauna gefen maigidansa, ya fara da share teburi da miƙa sukurdireba, wata rana a ce masa "zuba wa wannan bakwai". Abin da ya gagara, kamar allon da ya ƙone ko makullin da kamfanin asali ya sa tun daga tushe, a ba direba ya kai Maraɗi. Tun 2019 kuma, da ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Rumji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, ƙungiyoyin agaji sun ɗauki matasan yankin aikin rajista da tattara bayanai, kuma wanda ya taɓa riƙe kwamfuta ya fi samun shiga.

Akwai wani gibi da har yanzu ba a cika cikewa ba. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Windows na ɗauke da tsarin madannan Hausa a cikinta, sai dai a kunna shi, aikin minti biyu. Kusan ba mai neman a kunna, ba kuma mai tayi. Malamin yaƙi da jahilci ya buga darasinsa da b da d da k tsurarsu, ya bi da biro yana lanƙwasa musu kai.

Ranakun da Microsoft ke sanarwa a Amurka da jinkiri suke isowa nan, kuma da wata fuska. An daina kula da XP ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, amma shekaru bayan haka ana ta zuba su, domin na'ura mai ram gigabait 2 ba ta ɗaukar abin da ya fi su. Abin da ke girgiza kasuwar da gaske shi ne iyaka. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har da layin Gazawa, sai a farkon 2024 aka janye takunkumin. Hanyar Kwatano ta daɗe a toshe bayan haka, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan lokaci batir da caja da allo kan yi tsada, na'urar da da an yar sai a lallaɓa ta.

Windows 10 ta cika wa'adinta ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma ba ta yarda da na'urar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0, ko wadda injinta na Intel ya girmi zubi na takwas. Ma'ana, ɗimbin kwamfutoci lafiyayyu sun zama tsofaffi a ofisoshin Turai rana ɗaya, kuma an san inda irinsu ke ƙarewa. Masu gyara sun riga sun san cewa Rufus na da wurin da ake dannawa a tsallake wannan sharaɗi, ɗalibi kuma "sha ɗaya" yake so don ita ya gani wurin abokinsa. Mai gaskiya cikinsu kan ce masa ya bar wannan, ya sa kuɗinsa a ƙarin ram da sabon rumbu irin na SSD, wanda ba ya juyawa, ba ya tsoron girgizar babur, kuma shi ke sa na'urar shekara goma ta tashi cikin daƙiƙu.

Wadda ta mutu murus ba a jefar da ita. A cire ram a sa a aljihun teburi, rumbun a saya masa gida ya zama na waje, allo da madannai su jira wata irinta da za a kawo a fashe. Allon injin ƴan gwangwan ke saye. Batirin tsofaffin samfura kuwa a fasa shi, a fitar da ƙwayoyin nan dogaye guda shida, a gwada su ɗaya ɗaya, masu sauran rai a sayar wa masu gyaran cocila da rediyo.